Jirgi Ɗaya Ya Kwaso Mu

Idan Bahaushe ya ga mutum biyu masu hali ɗaya, ko waɗanda matsala ɗaya ta rutsa da su, yakan ce jirgi ɗaya ya kwaso su. Muna faɗin wannan magana a Tamale kamar yadda ake faɗinta a Kano da Maraɗi, alhali yawancinmu ba mu taɓa kwana a kan ruwa ba. Mu mutanen tudu ne, jikokin fataken da suka zo da jakuna neman goro. Amma duk wanda ya taɓa wuni a cikin jirgin ruwa tun daga asuba har dare, ba hanyar sauka kuma ba wurin ɓuya, ya san maganar ta fi yadda muke ɗaukarta nauyi. Abin da nake so mu duba tare shi ne wannan: mutumin da tafiya kaɗai ta haɗa ka da shi, ba ka san sunansa ba, wataƙila ko yarensa ba ka ji, kuma in an sauka gobe ba za ka ƙara ganinsa ba, wane haƙƙi yake da shi a kanka? In kuwa yana da shi, a cikin jirgin wa ya fi kowa ɗaukar nauyinsa?

Mu 'yan arewacin Ghana, tekunmu ita ce Tafkin Volta. Tafki ne da hannun ɗan Adam ya tara. An datse kogin a Akosombo, aka kammala aikin a 1965, ruwa ya yi ta taruwa har ya mamaye fili kimanin murabba'in kilomita 8,500, ya shiga sahun manyan tafkunan da mutum ya yi a duniya. Daga Tamale matafiyi kan bi motar Salaga, ya zarce Makango, ya haye ruwa zuwa Yeji. Daga Yeji ne babban jirgi, wanda aka fi sani da Yapei Queen, ya saba kwasar mutane da doya zuwa Akosombo, ya biya ta Kete Krachi. Tafiyar takan ci yini da kwana, wani lokaci ta haura, gwargwadon yawan lodi da yanayin ruwa. Yau yawancin matafiya sun koma hanyar mota ta Buipe da Kintampo da Techiman. A shekarun da nake raka kayan wani kawuna zuwa kudu na bi hanyar ruwan sau da dama, kuma abin da zan faɗa a can na tsinto shi.

Ranar jirgi da gardamar alƙibla take farawa. Jirgin da ya nufi kudu alƙibla tana hannun hagunsa, sai dai tafkin ba miƙaƙƙe ba ne, matuƙi yana bin inda ruwa yake da zurfi yana kauce wa kututture, don haka kafin a kai raka'a ta biyu gabas ta sauya wuri. Wani ya ce a riƙa juyawa tare da jirgi, wani ya ce inda aka kabbarta ya wadatar. A ƙarshe sai a nemi wanda furfurarsa ta fi yawa a tura shi gaba, a ja sahu a tsakanin akwatunan doya. Abokan tafiyar da ba Musulmi ba sukan janye ƙafafunsu da kayansu su ba da wuri tun ba a roƙe su ba. Wannan ƙaramin abu ne, amma mai karatu ya riƙe shi, za mu bukace shi a gaba.

Da hantsi ciki ya yi kira. Akwai mai koko da ƙosai, akwai dokunu da soyayyen kifi da yaji, akwai masu kwance ƙunshin shinkafa da wake da suka sayo tun a Yeji. A saman jirgi akwai 'yan ɗakuna kaɗan masu gado, na waɗanda suka biya kuɗi mai kauri, galibi wani ma'aikacin gwamnati ko Turawa 'yan yawon buɗe ido. Sauranmu muna kan benci, ko a ƙasa wurin kaya, kowa ya shimfiɗa tabarma ko kwali. Matan da ke fataucin doya su ne masu jirgin a zahiri. Sun san ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, sun san ɓangaren da rana za ta doka da azahar, suna ƙirga doyarsu ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya guda ɗari. Da an ci an sha aiki ya ƙare. Ba gona, ba kasuwa, ba mai aikenka. Sabis ɗin waya ya zo ya ɗauke. Samari su ɗauko lido da kati, dattawa su kafa hirar NDC da NPP da Hausa da Twi a cakuɗe, yara su yi ta kai da komo har su gaji. Gaɓa tana can nesa kamar zare, injin yana ta gurnani iri ɗaya.

A irin wannan zaman ne mutum yake gane cewa dukiyar jirgi daban take da dukiyar tudu. Abu huɗu ne suke da daraja a ciki: inuwa, wurin miƙe ƙafa, ruwan sha, da wurin cajin waya. Ruwa ya kewaye ka ta ko'ina, amma ruwan tafkin ba kowane ciki yake ɗauka ba, don haka mai ledar ruwa yana da abin da mai kuɗi a aljihu ba shi da shi. Kowane ɗaya daga cikin huɗun nan akwai wanda ya riga kowa zama kusa da shi. Bai fi sauran ilimi ba, bai fi su tsoron Allah ba. Motarsa ce ta iso Yeji da wuri, ko kuwa wani ya raɗa masa inda ya kamata ya ajiye jakarsa.

A wata tafiya wani magidanci, tsaf-tsaf da shi, ya sami benci a gindin wurin caji ɗaya tilo da ke ɓangarenmu. Ya jona wayoyinsa biyu, da suka cika ya jona batirin ajiya, da shi ma ya cika ya maido da wayar farko. Bai zagi kowa ba, bai hana kowa ba. Fuska kawai ya ɗaure ya zuba ido a kan ruwa. Akwai wata matashiya mai goyo da wayarta ta mutu, tana so ta kira direban da zai tarbi kayanta a Akosombo kafin mu fita daga inda ake samun sabis. Ta zo ta tsaya kusa da shi da wayar a hannu, ta koma. Ta sake zuwa, ta sake komawa. Bayan azahar barci ya ɗauke shi, sai ta turo ƙanenta ya zare tasa ya jona tata. Da ya farka kuwa jirgi ya kaure. Ya ce an taɓa masa kaya ba izini, ya ce da wayar ta ɓace wa zai biya, mutane da yawa suka ba shi gaskiya, ita kuma ta sunkuyar da kai tana hawaye. Sai wani dattijo da ke jan carbi a gefe ya ce masa, "Ɗana, tun hantsi yarinyar nan take zagaya ka. Kai ba ka gan ta ba?" Ya ce, "Baba, ai ba ta tambaye ni ba. Da ta tambaya da na ba ta." Dattijon ya ce, "Da wannan fuskar, wa zai iya tambayarka?"

Ba na so mu yi wa magidancin nan rashin adalci, domin hujjarsa tana da ƙarfi. Shi ya riga zuwa. Ƙa'idar wanda ya riga shi ke da wuri ita ce take hana dambe a tashar mota da bakin famfo da layin asibiti. In aka rushe ta, aka ce kowa ya ɗauki abin da ya ga yana bukata, to masu ƙarfi ne za su kwashe komai, kuma mace mai goyo ita ce za ta fara rasawa. Haka nan taɓa kayan mutum yana barci ba daidai ba ne, ko da niyyar mai taɓawar tana da kyau. Wanda ya biya kuɗin ɗaki a sama shi ma bai saci gadonsa ba. Duk na yarda da wannan. Inda na rabu da shi kalma ɗaya ce: ba ta tambaye ni ba. Ya faɗe ta kamar tambaya abu ne da ake yi kyauta, kamar buɗe baki a ce "don Allah" ba ya cin komai a jikin mai faɗa.

Mu kuwa mun san yana ci. Mu muke tarbiyyar 'ya'yanmu a kan kada su roƙa, kada su zuba wa mai cin abinci ido, in an miƙo musu su ce sun ƙoshi ko da yunwa tana cinsu. Muna kiran wannan kunya, muna yabon mai ita. To al'ummar da ta ɗaure bakin mabukaci da kunya dole ta kwance bakin mai abu da tayi, in ba haka ba ta bar masu mutunci su wahala, marasa kunya su ci riba. Shi ya sa muke da "bismillah" a bakin kwano. Wanda ya ce maka bismillah ya ɗauke maka nauyin roƙo, ya mai da karɓarka amsa gayyata. Waɗancan da suka janye ƙafa da asuba don mu yi salla bismillah suka yi mana, ba tare da sun furta ba.

Na ga wata Mma mai fataucin doya da ta ƙware a wannan. Takan shigo da jakar ruwan leda mai guda talatin, ta yage bakinta ta juya shi wajen hanya, ta kau da kai tana hira. In ta ga uwa tana lallashin yaro sai ta ce wa yaron, "Zo ka karɓo wa Mmanka." Akwai wani ɗalibi da ya wuni bai sayi komai ba, yana ta karatu don kada a lura da shi. Ba ta miƙa masa abinci ba. Cewa ta yi, "Malam ƙarami, idona ya gaji, zo ka taya ni lissafin nan." Ya zauna ya haɗa mata kuɗin ƙwarya-ƙwarya a takarda, da suka gama ta tura masa kwano ta ce ai ma'aikaci ba ya tashi da yunwa. Ya ci a matsayin wanda ya yi aiki. Ruwanta nata ne, ba wanda zai kai ta ƙara in ta ƙulle jakarta. Ta dai ɗauki zamanta kusa da abin da kowa ke bukata a matsayin amana, kuma ta gane cewa rabin amanar shi ne sauƙaƙa wa mutane isowa gare ta.

Akwai hadisin da Imam Bukhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir, wanda kusan duk wanda ya zauna gaban malami ya ji shi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya buga misali da mutanen da suka shiga jirgi suka yi ƙuri'a, wasu suka sami sama, wasu suka sami ƙasa. Na ƙasa in suna son ruwa sai sun bi ta kan na sama. Sai suka yi tunanin huda nasu ɓangaren su riƙa ɗiba, don kada su dami na sama. In an ƙyale su kowa ya halaka, in an riƙe hannunsu kowa ya tsira. Malamai suna kawo shi ne a babin hani da mummuna, kuma nan ne gidansa. Amma akwai abu biyu a cikin misalin da suka daɗe suna yi mini yawo a zuciya. Na farko, ƙuri'a ce ta raba wuraren. Na sama bai hau don cancanta ba. Na biyu, masu hudar ba mugunta ce ta sa su ba. Ruwa suke so, kuma hawa neman sa ya zame musu abin nauyi. A wata ruwayar ma an bayyana cewa na sama sun nuna damuwa da wucewar mai ɗibar ruwan, shi ya sa ya ɗauki gatari. Riƙe hannun mai gatari wajibi ne a wannan lokacin. Sai dai in an riƙe hannunsa an bar shi da ƙishirwarsa, kuma an bar fuskokin na sama yadda suke, gobe wani zai ɗauki gatarin da dare.

Wannan sama da ƙasa ba a jirgin doya kaɗai yake ba. A duniyar masu hali akwai jiragen shaƙatawa da mutane ke shiga don hutu, wasunsu ma sukan tsaya a Tema da Takoradi. Wani mai suna Icon of the Seas, da ya fara aiki a watan Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600 da ma'aikata sama da 2,000. Wani kuma, Serenade of the Seas, ya tashi daga Miami ta Amurka a Disambar 2023 don zagaya duniya cikin dare 274. A irin waɗannan tafiye-tafiye akwai ranakun da jirgi ba ya tsayawa a kowace tasha, ana kiransu ranakun teku. Fasinja yakan tashi ya tarar an tsara masa yini sa'a-sa'a: motsa jiki, lacca, wanka a kududdufin saman jirgi, abinci ba iyaka, kiɗa da dare. Ranar da fasinja ya fi hutawa ita ce ranar da ma'aikata suka fi shan aiki, domin ba wanda ya sauka gari, kowa yana ciki yana neman a yi masa hidima. Yawancin ma'aikatan nan daga ƙasashe irin su Filifin da Indonesiya da Indiya suke, suna kwana a can ƙasan jirgi, suna yin watanni ba ranar hutu. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta tanadi cewa a ba su hutun aƙalla awa 10 a cikin 24, da awa 77 a mako. Mai karatu ya lissafa da kansa awa nawa suka rage na aiki.

A watan Fabrairun 2020 aka killace jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan saboda cutar korona, da mutum 3,711 a ciki. Aka ce fasinjoji su zauna a ɗakunansu. Ma'aikata kuwa suka ci gaba da dafa abinci suna kai wa ƙofa-ƙofa, suna kwana tare a ɗakunansu na ƙasa. Sama da mutum 700 suka kamu, fasinja da ma'aikaci. Kuɗin tikiti ya raba gadaje da faɗin taga, amma numfashin da ke cikin jirgin ɗaya ne. Ma'aikacin da albashinsa ya dogara da murmushinsa shi ne ya fi kowa jin nauyin buɗe baki ya ce ya gaji ko jikinsa ba daɗi. Fasinjan da ke jiran sai an tambaye shi kafin ya sassauta, ba za a taɓa tambayarsa ba.

Mu koma tafkinmu. Da la'asar, in rana ta karkata, abin da ya fi ɗaukar ido shi ne busassun itatuwa da suke tsaye a cikin ruwa, baƙaƙe, ba ganye. Dazuzzuka ne da gonaki da ruwa ya ci. Waɗanda ke ƙarƙashin ruwa ba a ganinsu, su ne suke fasa ƙananan jiragen da aka cika wa kaya. Lokacin da tafkin ya cika, kimanin mutum 80,000 aka tasa daga garuruwansu aka zuba su a sababbin matsugunai 52. Kete Krachi, inda jirgi kan tsaya lodi, tana cikin garuruwan da abin ya shafa, ruwa ya ci tsohon garin aka koma tudu. A tsohon garin ne Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya baro Salaga bayan yaƙin basasar 1892, ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934. Cikin abin da ya bari da Hausa akwai Waƙar Talauci da Wadata, a kan yadda ake kallon mai shi da marar shi. Wutar lantarkin da aka samu daga Akosombo ta haska Accra da Tema ta kunna masana'antar alminiyom, amma sai da aka yi fiye da shekara 20 kafin layinta ya iso Tamale. Mutanen da suka ba da gonakinsu da kaburburan iyayensu don a yi tafkin, da yawansu sun daɗe suna kwana da fitilar kananzir a bakinsa. Ƙasa ma jirgi ce mai sama da ƙasa, kuma ita ma ƙuri'ar haihuwa ce take raba wuraren.

Wani zai ce, to ai alherin jirgi mai arha ne. Yini ɗaya ne, kowa zai iya danne halinsa na yini ɗaya, amma zo mu zauna zo mu saɓa. Akwai gaskiya a nan. Sai dai ni ta wata fuska nake ganinsa. Alherin da muke yi a unguwa yana da riba: ka je sunan ɗan wane don ya zo naka, ka ba da gudummawar biki ana rubutawa, ka gai da mara lafiya mutane suna gani. Ba laifi ba ne, da haka zango yake tsaye. Amma a jirgi ba littafin da ake rubutawa. Matar da ka ba wurin caji ba za ta zo bikin 'yarka ba, kuma in ka hana ta labarin ba zai kai unguwarku ba. Abin da mutum ya yi a wurin da ba lada daga mutane kuma ba tsoron bakinsu, shi ya fi kusa da ainihin halinsa.

Wani kuma zai ce, in ka buɗe jakar ruwanka ga kowa, kafin la'asar kai ma ka koma mai roƙo, kuma akwai waɗanda ba su da kunyar da ake magana, su ne za su fara layi. Wannan ma gaskiya ne, kuma ban ce mai abu ya tsiyata kansa ba. Ita Mma ɗin da na ambata na ga ta ware leda biyar ta tura ƙarƙashin zaninta don dare, na kuma ga ta ce wa wani saurayi da ya dawo karo na uku, "Ɗana, akwai na sayarwa a can." Amana tana da iyaka, kuma mai riƙe da ita yana da ikon cewa a'a. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya tsara zamansa yadda ba za a iya tambayarsa ba, sa'an nan ya wanke kansa da cewa ba a tambaye shi ba. Wanda ya ce a'a ya ɗauki nauyin hanawarsa, ana iya yi masa magana a kai. Wanda ya ɗaure fuska ya hana, kuma ya ɗora laifin a kan wanda ya hana.

Da dare jirgi yakan yi shiru, sai injin da kukan jarirai. Sanyin ruwa yana saukowa fiye da yadda mutumin tudu yake zato. A nan dukiya takan sake sauyawa: inuwar da aka yi rububi a kanta da rana ba mai nemanta, mai bargo da mai wurin da iska ba ta bugawa su ne masu arziki. Wanda ya wuni a gindin wurin caji yana iya kwana a bakin iska da riga ɗaya, wadda ta wuni tana zagaye tana iya zama mai zani biyu. A cikin yini ɗaya da dare ɗaya kusan kowa yakan ɗanɗana sama ya ɗanɗana ƙasa. A tudu juyin yakan ɗauki shekaru, shi ya sa muke mantawa yana zuwa.

Mu da ke Tamale ba sai mun je Yeji ba kafin mu ga wannan. Ruwan famfonmu daga Farin Volta ake jawo shi a Nawuni, a tace shi a Dalun, wato daga kogin da yake gangarawa ya cika wancan tafkin. Garin ya girma ya fi ƙarfin bututun, ƙasarmu kuma ba ta da saurin ba da ruwan rijiya. Da rani kowa ya san yadda mata da yara suke yawo da jarkoki masu ruwan ɗorawa daga Aboabo zuwa Sabonjida, daga Zogbeli zuwa Lamashegu, suna neman gidan da famfo ya kawo. A kowane layi akwai gidan da bututu ya biyo ta ƙofarsa, ko mai gidan ya sami halin dasa babban tanki. Kuɗinsa ne, ba wanda ya ce ba nasa ba ne, kuma yana da damar sayarwa ko ƙayyade lokaci. Amma yarinyar da ta tsaya a ƙofarsa da jarka tana duban ƙyauren, ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa, ta riga ta yi tambayarta da ƙafafunta. Haƙƙinta a kansa bai jira ya san sunan ubanta ba. Ya fara ne tun ranar da ƙishirwar gari ɗaya ta haɗa su, ƙuri'a ta ajiye shi kusa da ruwa ta ajiye ta nesa. Mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne ya buɗe ƙyauren, ya saki fuska, ya faɗa mata da bakinsa ko akwai ko babu, da kuma ƙarfe nawa za ta dawo. Allah ya sa mu dace.